«Mun Ci» da «An Ci Mu»: Nazarin Hausar Masu Sharhin Wasanni a Fada da Filin Kokawa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba irin Hausar da magoya bayan ƴan kokawa da ƴan ƙwallon ƙafa suke amfani da ita a hirarsu ta yau da kullum a ƙasar Nijar. Manufarta ita ce ta nuna cewa wannan hira, wadda ake ɗauka surutu ce kawai, tana bin ƙa'idoji da za a iya bayyanawa ta fuskar ma'ana da ginin kalma da ginin jumla da tsarin sauti. An tattauna aikatau «ci» da «sha», da zaɓen wakilin suna, da azuzuwan aikatau, da amsa-kama, da aron kalmomi daga Faransanci, sannan da iyakar da ke tsakanin barkwanci da cin mutunci. Misalan da aka kawo jumloli ne na gama-gari, irin waɗanda duk mai zaman fada zai shaida.

1.0 Gabatarwa

Idan aka yi zancen Hausar wasanni, hankalin manazarta yakan tafi ga wurare biyu: waƙoƙin makaɗan maza da kuma sharhin ƴan jarida a rediyo. Dukansu biyu suna da gata, domin ana naɗarsu, ana adana su, ana kuma iya komawa a saurara. Akwai wuri na uku da ba shi da wannan gata, wato bakin ɗan kallo. Shi ne wanda yake ihu a filin kokawa, ya dawo fada ya maimaita yadda aka yi kaye, ya yi gardama har shayi na uku ya huce. Maganarsa takan mutu a inda aka yi ta, alhali a nan ne harshe yake gwada sababbin kalmomi, yake karɓar wasu ya yar da wasu. Ɗalibin kimiyyar harshe da ya raina wannan fage ya bar wata taska ta bayanai da ba ya buƙatar kuɗin mota kafin ya isa gare ta.

2.0 Fagen da ake maganar

Wasanni biyu ne suka fi cika bakin jama'a a kudancin Nijar. Na farko shi ne kokawar gargajiya. Asalinta wasan kaka ce, lokacin da aka kawar da amfanin gona, samari suka ƙoshi, ƙauye ya gayyaci ƙauye. A shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, aka mayar da ita gasar ƙasa, aka yi karon farko a Tawa, inda Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ɗan Maraɗi, ya ɗauki takobi. A tsarin da ake bi yanzu, jihohi 8 ne suke karawa: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Kowace jiha tana kawo ƴan kokawa 10, jimilla 80, kuma gasar tana zagayawa daga babban birnin wannan jiha zuwa na waccan. Rediyo da talabijin na ƙasa suna watsa ta kai tsaye, don haka wanda yake ƙauye da ƴar rediyonsa yana da abin cewa kamar wanda yake cikin fili.

Na biyu shi ne ƙwallon ƙafa. Ƙungiyar ƙasa, Mena, ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013, amma yawancin gardamar mako-mako a kan ƙungiyoyin Ingila da Sifaniya da Faransa ake yin ta, a gidajen kallo da kuma fada. Fada, wato majalisar samari masu shan shayi a bakin titi, ta yaɗu a biranen Nijar tun shekarun 1990, har Adeline Masquelier ta rubuta littafi sukutum a kanta a 2019. Ta fuskar walwalar harshe, fada wuri ne da sa'o'i suke magana ba tare da kunyar manya ba, saboda haka harshe yakan sake a cikinta fiye da yadda yake sakewa a zaure ko a aji.

3.0 «Ci» da «sha»

Duk wanda ya saurari hirar wasanni na minti biyar zai lura cewa aikatau biyu ne ginshiƙinta. Tun a 1966 Claude Gouffé ya yi nazarin «ci» da «sha» a Hausa, sannan a 2009 Philip Jaggar da Malami Buba suka nuna cewa idan aka faɗaɗa ma'anarsu, «ci» yana karkata ga rinjaye, shi kuwa «sha» yana karkata ga abin da ya sauka a kan mutum. Hirar ƴan kallo ta gaskata wannan rabo:

(1) Mun ci wasa.
(2) Ya ci ƙwallo biyu.
(3) Sun ci kofi.
(4) Mun ci su.
(5) Ya sha kaye.
(6) Sun sha kashi.

Abin lura a misalai na (1) zuwa (4) shi ne karɓau ɗin «ci» iri huɗu ne mabambanta. A (1) gasar ce kanta, a (2) makin da aka samu a cikinta, a (3) ladar da aka bayar a ƙarshe, a (4) kuma abokin karawa. Aikatau ɗaya ya ɗauke su duka ba tare da mai sauraro ya ruɗe ba, domin abin da ya haɗa su shi ne mai aikatawa ya mallake abu, ya shigar da shi ƙarƙashin ikonsa, kamar yadda mai cin tuwo yake yi wa loma. Daga nan ne suna «ci» ya zama ma'aunin sakamako, ana cewa «ci biyu da nema», ko «ci ɗaya mai ban haushi», ko «an tashi babu ci».

Kuskure ne a ɗauka cewa «sha» yana nufin faɗuwa kawai. Ana cewa «mun sha kallo», ana cewa ɗan wasa «ya sha tafi». A nan babu hasara. Abin da ya daidaita «sha kaye» da «sha tafi» shi ne a duka biyun mutum karɓa yake yi, wani ne ya zubo masa. Akwai kuma wuraren da rabon bai zauna daram ba. Ɗan kokawar da aka kusa kayarwa ya kuɓuta, sai a ce «ya sha da ƙyar», wato ya tsira. Haka nan ana jin «ya ci wuya» kusa da «ya sha wuya». Waɗannan togace-togace ba su rushe ƙa'idar ba, sai dai suna nuna cewa karkata ce ta ma'ana, wadda ya kamata a auna ta da misalai masu yawa daga kare-karen harshe dabam-dabam.

George Lakoff da Mark Johnson, a littafinsu na 1980, sun yi bayanin yadda mutane suke fahimtar wani fage ta hanyar aron kalmomin wani fagen. Ban da abinci, ɗan kallo Bahaushe yana aro daga aikin hatsi: «sun casa su», «an sussuke su», «ya niƙe shi». Wannan ya dace da wasan da aka haifa a lokacin kaka. Yana kuma aro daga dabbobin gida: wanda ya fi kowa «zakara» ne, wasan da ba a sami mai rinjaye ba an yi «kunnen doki», domin kunnuwan doki tsayinsu ɗaya.

4.0 Wakilin suna: wa ya ci, wa aka ci?

Ɗan kallo bai sa ƙafa a fili ba, amma yana cewa «mun ci». A 1976 Robert Cialdini da abokan aikinsa suka lura cewa ɗaliban jami'o'in Amurka sun fi amfani da «mu» idan ƙungiyar makarantarsu ta yi nasara, suna kuma ja da baya daga gare shi idan ta faɗi. Hausa tana da wannan hali, amma tana da wata ƙofa ta uku, wato wakilin suna na boye-mai-aiki, «an». A duba waɗannan:

(7) Mun ci su.
(8) Sun ci mu.
(9) An ci mu.
(10) Yaran nan sun ba mu kunya.

Jumla ta (8) tana da nauyi a baki, domin ta ambaci abokan hamayya a matsayin masu aikatawa, wato ta ba su girman nasarar. Jumla ta (9) ta amsa faɗuwar, ta bar mai maganar cikin «mu», amma ta shafe wanda ya yi cin. Shi ya sa ta fi sauƙin fita daga bakin mai jin zafi. A jumla ta (10) an raba gari: ƴan wasan sun koma «su», magoya baya sun zauna a «mu» a matsayin waɗanda aka zalunta. Mutum ɗaya yana iya bin waɗannan matakai uku a zama ɗaya, gwargwadon yadda ake matsa masa.

«An» yana da wani aiki a hirar kokawa. Ba a raba kokawa da zancen asiri, kuma ƴan kokawa suna shiga fili da layu da guraye a bayyane. Idan gwanin mutum ya faɗi ba zato, sai a ji «an ɗaure shi» ko «an yi masa aiki». Jumlar ta yi zargi, amma ba ta kama sunan kowa ba, don haka ba wanda zai tashi ya nemi a ba shi hujja. Haka ake yi wa alƙalin wasa: «an saye wasan». Idan kuma ana son a rufe gardamar cikin lumana, sai a mayar da al'amarin ga abin da ya fi ƙarfin kowa, a ce «ba rabonsa ba ne bana».

Jaddadawa ma tana da muhimmanci a nan. Idan gardama ta yi zafi, ba a cewa «mun ɗauki takobi», sai a gabatar da wakilin suna a ce «mu muka ɗauki takobi». Wannan gini yana tilasta amfani da shuɗaɗɗen lokaci na biyu, kuma a daidai nan karin harshe yake tona asalin mai magana. Mutumin Tawa ko Dogon Dutsi zai ce «mu munka ɗauka», «su sunka hwaɗi», na Damagaram kuwa ya ce «mu muka ɗauka», «su suka faɗi». Gasar takobi tana tara masu waɗannan kare-kare a wuri ɗaya na kwanaki, suna faɗin abu ɗaya game da kaye ɗaya. Da wuya mai nazarin karin harshe ya sami dama irin wannan a wani taro.

5.0 Azuzuwan aikatau

Tsarin azuzuwan aikatau bakwai da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960 yana bayyana sarai a wannan hira, domin ɗan kallo yana zaɓen aji ne gwargwadon matsayinsa a kan abin da ya faru.

Aji na huɗu, mai nuna game aiki baki ɗaya, shi ne na cika baki. «Mun ci su» labari ne, «mun cinye su» kuwa gori ne. Haka «ya murƙushe shi» da «ya danne shi» suke nuna cewa ba a bar wa abokin karawa komai ba.

Aji na biyar, mai nuna sa wani ya yi ko ya auku, shi ne ya ba kokawa babbar kalmarta: «ya kayar da shi», wadda ake taƙaitawa a ce «ya ka da shi». Gajeren siffar ta fi yawa a lokacin da ake cikin ihu, doguwar kuma ta fi fitowa idan an zauna ana ba da labari a natse.

Aji na shida, mai nuna aikin ya nufo wajen mai magana, shi ne ya fi kowane tona zuciya. A kwatanta:

(11) Ya ci takobi a Agadas.
(12) Ya ciyo takobi a Agadas.
(13) Ya ciyo mana takobi.

Jumla ta (11) kowa zai iya faɗinta. Ta (12) sai wanda yake ganin takobin gidansu ya nufo. Ta (13) ta ƙara da mai amfana a fili. Wasalin «o» ɗaya tak ya isa a gane jihar da mai magana yake goyon baya, ko da bai ambace ta ba. Abin sha'awa shi ne ana jin saurayi a Maraɗi yana cewa ƙungiyarsa ta Sifaniya «ta ciyo kofi», alhali kofin ba zai taɓa zuwa Maraɗi ba. Wannan yana nuna cewa alkiblar da aji na shida yake nunawa ta wuce ta wuri, ta haɗa da inda mai magana ya ajiye kansa.

Aji na bakwai yana da fuska biyu. A shuɗaɗɗen lokaci yana nuna aiki ya kai matuƙa: «wasa ya bugu», «sun daku». A lokaci mai ci, musamman tare da korewa, yana nuna yiwuwa ko rashinta: «wannan ba ya ɗaguwa», «yaron nan ba ya taruwa». Yabo mafi girma da ake yi wa ɗan kokawa sau da yawa da wannan siffa ake yin sa, domin ta mayar da ƙarfinsa wata ɗabi'a tabbatacciya, wadda ba ta dogara da wanda ya tunkare shi ba.

A ƙarshe akwai ninka gaɓar farko don nuna yawan aiki, kamar «ya kakkayar da su» ga wanda ya bi abokan karawa ɗaya bayan ɗaya, ko «ya yayyanke su» ga ɗan ƙwallon da ya wuce ƴan baya da yawa.

6.0 Amsa-kama

Mai ba da labarin kaye a fada ba shi da hoton da zai nuna, sai bakinsa da hannuwansa. Amsa-kama ce take cike wannan giɓi:

(14) Ya riƙe shi gam.
(15) Ya ɗaga shi cak.
(16) Ya maka shi da ƙasa tim.
(17) Fili ya cika maƙil.
(18) Mutanensu suka yi tsit.

Ta fuskar tsarin sauti, waɗannan kalmomi sun saɓa wa yawancin kalmomin Hausa na asali, waɗanda suke ƙarewa da wasali. «Gam», «cak», «tim», «maƙil» da «tsit» duk da baƙi suka ƙare, kuma akan furta su da ɗaga murya fiye da sauran jumlar. Ta fuskar ma'ana, kowace tana da aikatau ko ƴan aikatau da take bi. Ba a cewa «ya ɗaga shi tim», ba a cewa «ya riƙe shi maƙil». Yaro Bahaushe ya san wannan haɗi ba tare da an koya masa ba, amma mai koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, kamar yawancin Zabarmawa da Buzaye da Barebarin da suke zaman fada ɗaya da Hausawa, a nan ne yakan yi tuntuɓe ko ya ƙirƙiro sabon haɗi. Bibiyar irin waɗannan sababbin haɗe-haɗe a Yamai ko Agadas zai nuna yadda Hausa take sauyawa a bakin waɗanda suka same ta a kasuwa da titi.

Jerin misalai na (14) zuwa (16) yana kuma nuna tsarin labarin: kamu, ɗagawa, kayarwa. Kowane mataki jumla ce gajera da amsa-kama a ƙarshenta, kuma mai labarin yakan ɗan tsaya bayan kowace ɗaya domin masu sauraro su amsa.

7.0 Aro da fassara: Hausar fada da Hausar rediyo

A nan ne wasannin biyu suka rabu. Kalmomin kokawa na gida ne kusan duka: kaye, kamu, fili, takobi, kirari, makaɗa, da cali-cali masu ba da dariya tsakanin karawa. Aro bai shigo ba sai ta ƙofar tsarin gasa na zamani, kamar «final» da «arbit». Ƙwallon ƙafa kuwa baƙo ne, ya zo da kayansa. A Nijar ta hanyar Faransanci ya shigo, a Nijeriya ta hanyar Ingilishi, shi ya sa Bahaushen Maraɗi da na Katsina, waɗanda karin harshensu ya yi kusa ƙwarai, suke rabuwa idan aka zo zancen ƙwallo. Na farko yana cewa «balo» da «arbit» da «gardiyan», na biyu yana cewa «bal» da «rafari» da «gola».

Kalmomin da aka aro suna bin ƙa'idojin Hausa ta hanyoyi huɗu aƙalla. Na ɗaya, wasalin hanci na Faransanci yakan rasa hancinsa ko ya koma wasali da «n», kamar yadda *ballon* ya zama «balo», *carton* ya zama «karto». Na biyu, cunkoson baƙaƙe yakan warware ta hanyar saƙa wasali ko yar da baƙi, shi ya sa ake jin «arbit» da «arbitir» daga *arbitre*. Na uku, tun da Hausa ba ta bambanta «p» da «f» a matsayin ƙwayoyin sauti biyu, *passe* yakan fito «fas», *penalty* ya fito «fenalti», ko da yake wanda ya yi makarantar boko yakan riƙe «p» ɗin. Na huɗu, Hausa ba ta cika aron aikatau kai tsaye ba. Takan ɗauki kalmar a matsayin suna ta jingina ta da aikatau na gida: «ya ba shi fas», «ya yi diribul».

Jinsi ma yana da tsari. Sunayen ƙungiyoyi mata ne, ko da wane sauti suka ƙare: «Mena ta ci», «Madrid ta sha kashi», «Doso ta ɗauki takobi». Dalili biyu ne suka haɗu: sunayen garuruwa da ƙasashe mata ne a Hausa, kalmar «ƙungiya» da kalmar «jiha» su ma mata ne.

Gidajen rediyon Hausa sun bi wata hanya dabam, ta fassara da bayani: «mai tsaron gida», «alƙalin wasa», «bugun kusurwa», «jan kati», «satar gida», «bugun daga kai sai mai tsaron gida». Ɗan fada ya san waɗannan duka, yana kuma fahimtarsu, amma ba duka yake ɗauka ba. «Jan kati» da «alƙali» sun shiga bakin jama'a domin gajeru ne. «Bugun daga kai sai mai tsaron gida» kuwa, duk da kyan ma'anarsa, yana da gaɓoɓi 11, «fenalti» tana da 3. Mutumin da yake tsaye yana ihu a gidan kallo ba zai zaɓi mai 11 ba. Wannan darasi ne ga masu ƙirƙirar kalmomin fannu domin makarantun da ake koyarwa da harsunan gida: kalmar da aka ƙera a ofis tana rayuwa ne idan ta yi daidai da numfashin mai amfani da ita.

8.0 Laƙabi, zambo da iyakar wasa

Ƴan kallo suna raɗa wa gwanayensu suna, kuma sau da yawa laƙabin yakan danne sunan yanka. Mutane da yawa da suka san Kantu ba su san Yakuba Ango ba ne. Kadri Abdu na Doso, wanda ya ɗauki takobi sau da dama, duk ƙasa da Isaka Isaka ta san shi. Laƙabin yakan kai ga shiga takardun hukuma: filin kokawar Maraɗi yana ɗauke da sunan Kantu, na Damagaram da sunan Langa-Langa, na Doso kuma da sunan Salma Ɗan Rani. Wannan misali ne na yadda kalma take tashi daga bakin jama'a ta hau allon gwamnati.

Kishiyar laƙabi ita ce zambo da gori ga wanda ya faɗi da mutanensa. A Nijar wannan yana da madogara a al'adar wasan barkwanci tsakanin ƙabilu da dangi, kamar na Fulani da Barebari ko na Gobirawa da Zabarmawa, al'adar da UNESCO ta sa a jerin gadon ɗan Adam a 2014. Wanda yake da abokin wasa yana da izinin ya tsokane shi ranar da jiharsu ta sha kaye, shi kuma wajibi ne ya shanye ya jira ranar ramuwa.

Sai dai izinin yana da sharuɗɗa, kuma ana iya bayyana su ta fuskar harshe. Tsokanar da ake karɓa takan tsaya kan abin da ya faru a fili, tana amfani da kambamawar da kowa ya san ba gaskiya ba ce, ana yin ta gaba da gaba, ana kuma barin ƙofar ramuwa a buɗe. Takan zama cin mutunci idan ta bar aikin ta koma kan asali, wato idan «ɗan kokawarku ya faɗi» ta zama «ku dama haka kuke». Bambancin a nahawu yake: jumla ta farko tana da aikatau a shuɗaɗɗen lokaci, ta ba da labarin abu guda da ya wuce, ta biyu kuwa ta ɗora wa jama'a sukutum hali na dindindin. Hatsarin ya ƙaru tun da hirar ta koma saƙonnin murya na WhatsApp da rubutun Facebook, inda maganar da aka yi wa aboki cikin dariya take isa kunnen baƙon da bai ga fuskar mai maganar ba, bai kuma san akwai wasa tsakaninsu ba. Gasar da ake kallo a matsayin mahaɗar jihohi takwas tana iya zama wurin ɓacin rai idan aka rasa wannan ma'auni, kuma masana harshe suna da abin da za su faɗa wa ƴan jarida da masu shirya gasa a kan inda layin yake.

9.0 Kammalawa

An ga cewa hirar ƴan kallo tana da tsari a kowane mataki: «ci» da «sha» suna raba rinjaye da karɓa, wakilin suna yana auna kusanci da nisa, ajin aikatau yana nuna ɓangaren mai magana, amsa-kama tana tsara labari, aro kuma yana bin ƙa'idojin sautin Hausa. Abin da ya rage shi ne tattara bayanai na haƙiƙa. Ɗalibin da yake neman batun kundi zai iya naɗar hirar fada guda a ranar nasara da ranar faɗuwa, bayan ya nemi izinin masu fadar ya kuma ɓoye sunayensu, ya ƙirga «mu» da «su» da «an». Wani zai iya kwatanta kalmomin ƙwallo na Maraɗi da na Katsina, ko na Birnin Ƙonni da na Sakkwato. Wani kuma ya zauna da tsofaffin ƴan kokawa ya rubuta sunayen kamu da dabarun kaye a Adaranci da Gobiranci da Damagaranci, domin yawancin waɗannan sunaye a ƙwaƙwalwar dattawa suke, kuma samarin da suke sharhi a yau sun fi sanin kalmomin ƙwallon Turai. Wannan aiki na ƙarshe shi ya fi gaggawa, kuma ba ya buƙatar fiye da na'urar naɗar murya da littafin rubutu da haƙurin zama.